Waƙoƙin titin Ingila da ba'ar 'yan duba: sun daina yarda ne?

Dauda: Ina nan a kan bakana. Talakan Landan na ƙarni na 17 bai ɗauki duba a bakin komai ba. Ku dubi waƙoƙin da ake bugawa a falle ɗaya, a sayar kwabo a bakin titi. Mawaƙi zai ce ya lissafa taurari, wai bana hunturu zai zo da sanyi, mai cin bashi kuma zai riƙa ɓuya. Jama'a su kwashe da dariya.

Anti Binta: Ƙanena, dariya daban, rashin yarda daban. In ba su yarda ba, su wa ke wawashe kalandar hasashen mai duba William Lilly duk shekara? Bayan gobarar Landan ta 1666 har kwamitin majalisa ya kira shi ya sha tambayoyi, saboda wani zane da ya buga tun 1651 mai nuna wuta tana ci.

Malam Isa: Ku biyun kun bar siyasa a baya. Lokacin yaƙin basasar Ingila, wajen 1643, mawaƙi Martin Parker ya yi waƙar da ta caccaki mai duba John Booker. Dalili? Booker yana ɓangaren majalisa, Parker kuwa ɗan gani-kashe-nin Sarki Charles na Ɗaya ne. Abin dariyar ma, a cikin waƙar shi kansa ya yi nasa duban, ya ce sarki zai koma gadonsa. Ba taurari ya tsana ba, masu karanta wa abokan gaba su ya tsana.

Dauda: Allah gafarta Malam, to marubuci Jonathan Swift fa? A 1708 ya yi shelar cewa mai duba John Partridge zai mutu ran 29 ga Maris, daga baya ya ce ai ya mutu. Bawan Allah ya fito yana kumfar baki wai da ransa, gari na ta shewa.

Anti Binta: Ka tsallaka wani ƙarnin ke nan. Kuma Swift babban malamin coci ne, ba mai talla ba.

Ummi: Yaya Dauda, Samuel Pepys, wani jami'in gwamnati na wancan zamanin, ya tara irin waƙoƙin nan wajen 1,800, suna birnin Kambirij har yau. Masu sayar da na ba'ar su ne dai ke sayar da masu tsorata mutane da alamun sama, ba wasa a ciki. Duk wadda za ta kawo kwabo ita ake rerawa.

Dauda: Wannan hujjar mai sayarwa ce, Ummi. Ni zuciyar mai saye nake magana a kai.

Malam Isa: Mai sayen nan ɗaya ne, shi ya sayi duka biyun.