Impeachment a Amurka: tsigewa ce ko gurfanarwa?

1/ Abokan aiki masu fassara labarai, ku zo mu daidaita baki kan kalmar nan impeachment. Mun saba cewa "tsigewa", amma a labarin Amurka tana ɓatar da mai sauraro.

2/ Bahaushe in ya ji an tsige mutum, ya san an raba shi da kujera ke nan. Yana da hujja kuwa: a 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, ya kuma sauka.

3/ A Amurka abin hawa biyu ne. Majalisar wakilai ce ke kaɗa ƙuri'a kan laifukan da ake zargin shugaba da su, ko da ƙuri'a ɗaya aka yi rinjaye ya wadatar. Iyakar impeachment ke nan. Daga nan majalisar dattawa ta zauna zaman kotu, alƙalin alƙalai na jagoranta in shugaban yana kan mulki. Sai kashi biyu cikin uku sun same shi da laifi, wato 67 in duk sanatoci 100 suna nan, sannan ya sauka. Ba a taɓa sauke shugaba ko ɗaya ta wannan hanya ba.

4/ Shugaba Andrew Johnson, bayan an yi masa impeachment, ya sha a majalisar dattawa da ƙuri'a ɗaya tak a 1868. Clinton, wanda aka zarga da rantsuwa kan ƙarya a 1998, ya ƙarasa wa'adinsa. Trump sau biyu ma aka yi masa impeachment: a 2019 kan riƙe tallafin soja ga Yukiren don a binciki Biden, da 2021 bayan harin da magoya bayansa suka kai ginin majalisar dokoki ran 6 ga Janairu. To in mun ce "an tsige Trump", gobe kuma mai rediyo ya ji shi yana jawabi daga fadar White House, mu zai ɗauka maƙaryata.

5/ Wata 'yar'uwa ta ce, "Malam, me zai hana yunƙurin tsigewa?" Malama, yunƙuri ai ko ɗan majalisa ɗaya yana iya yi, takardarsa ta mutu a kwamiti. "Tuhuma" ita kaɗai kuma ta yi sakwa-sakwa, ɗan sanda ma yana tuhuma.

6/ Ni dai "gurfanarwa" na zaɓa, kalmar kotu ce da kowa ya sani: majalisar wakilai ta gurfanar da shugaba gaban majalisar dattawa. Zaman dattawan mu kira shi shari'ar tsigewa. Tsigewa kanta mu ajiye ta sai ranar da aka sauke wani.

7/ Ku gwada ta da Shugaba Nixon. A Yulin 1974 kwamitin shari'a na majalisar wakilai ya amince da tuhume-tuhume uku kan badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe maganar, shi kuma ya ajiye mulki ran 9 ga Agusta, zauren bai kai ga ƙuri'a ba. Kanun labarinsa: "Nixon ya yi murabus kafin a gurfanar da shi."