Gwajin takin ure a gero: ANOVA ta ishe ni, ko sai na haɗa da regresiyon?

Ɗalibar aikin gona, Damagaram

Assalamu alaikum malamai. Gwajin gero ne irin HKP a wata gonar jigawa ta wajen Mirriya. Sinadarin azot mataki huɗu: 0, 30, 60 da kilo 90 a hekta, bulok huɗu (kowane bulok rukunin fegi huɗu ne, ɗaya ga kowane mataki), fegi 16 ke nan. A kowane fegi an auna nauyin zangarniya 10. Na zuba lambobi 160 a manhajar ƙididdiga ta R, na yi ANOVA (lissafin da ke duba ko bambancin da ke tsakanin matakai na gaske ne), taki ya nuna bambanci sosai. In tsaya nan in yi Tukey, wato gwajin kwatanta matakan biyu-biyu?

Malamin ƙididdiga

Wa alaikumus salam. Dakata tukuna, ƴata. Fegi aka sa wa taki, ba zangarniya ba, don haka maimaici huɗu gare ki a kowane mataki. Zangarniyun fegi ɗaya ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Da kika lissafa su ɗai-ɗai, ddl (yawan bayanan da ake ɗauka masu zaman kansu ne) na kuskure ya kumbura ya kai 153, shi ya sa p, ma'aunin yiwuwar a ga irin wannan bambancin ko da taki bai yi komai ba, ta ƙanƙance.

Ki fid da matsakaicin kowane fegi, layi 16 kawai. Teburin ANOVA zai ba ki ddl kamar haka: bulok 3, taki 3, kuskure 9, jimla 15. A matakin kashi 5 cikin ɗari, sai F, lambar da ke gwada tasirin taki da kuskure, ta haura 3,86 kafin ki ce taki ya yi aiki. Ki rubuta aov(amfani ~ bulok + taki), amma ki tabbata bulok da taki duka factor ne, wato sunayen rukuni, ba lambobi ba. In kika ga bulok da ddl 1, R ta ɗauke shi a matsayin lamba. Wannan kuskuren ya ɓata rahotanni da yawa, kuma yana damuna, domin aikin damina guda ne ke tafiya a banza.

Mai sa ido kan gonakin gwaji

Ƙari a kan na Malam: yaya aka shimfiɗa bulok ɗin? A jigawa, ƙasan gangare ya fi riƙe laima, don haka kowane bulok ya kwanta a tsayi ɗaya, a jera su daga tudu zuwa kwari. Fegin da ke ƙarƙashin gawo ko kusa da tsohon makwancin shanu zai yi zarra ko babu taki. Ki zana ragowar lissafi (tazarar abin da aka auna da abin da lissafi ya yi hasashe) da plot(), za ki gan shi ya ware can shi kaɗai.

Malamin ƙididdiga

Batun Tukey kuwa, ni ban so shi a nan ba. Matakanki adadi ne masu hawa, manomi kuma tambayarsa kilo nawa zai zuba. Ki yi regresiyon, wato lissafin yadda amfani ke tafiya da yawan taki: lm(amfani ~ bulok + N + I(N^2)), N (kilon azot) a matsayin lamba. In b, lambar da R ta ba N, tana sama da sifili, c ta N² kuma ta fito da alamar ragi, ƙololuwar amfani tana a −b/2c. In amsar ta wuce 90, kada ki rubuta ta, ba ki gwada wurin ba. Wajen ba da shawara kuma ki mai da shi ure: azot kashi 46 ne cikin ɗari, kilo 30 na azot kusan kilo 65 ke nan na ure.

Ɗalibar aikin gona, Damagaram

Na gode, Allah ya ƙara sani. Akwai gawo a gefen wani fegi na bulok na uku. In cire wannan fegin ne, ko in bar shi in ambata a rahoto?