Shatar mota daga Kaduna zuwa Zariya da ƙauyukanta: ta ina za a fara?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum jama'a. Baƙi huɗu ake so a kai su ga birnin Zazzau da jami'ar Ahmadu Bello (ABU), in da hali har Dutsen Kufena da garin Turunku, a rana ɗaya. Motar haya za a ɗauka a nan Kaduna. Wace iri ta dace, me ake dubawa kafin a karɓe ta, kuma yaya za a tsara zagayen?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da yarjejeniya. Yawancin masu ba da mota a Kaduna da direbansu suke bayarwa, kuma kuɗin cikin gari daban, na fita waje daban. A rubuta cewa Zariya za a je, ƙarfe nawa za a dawo, wa zai sha mai, wa zai ciyar da direba. Rigimar yamma kusan kullum daga nan take tasowa.

Kafin ku tashi a duba takardun mota da inshora ko suna da rai, da lasisin direba. A buɗe but a ga safayar taya mai iska, jak, sifana, abin kashe gobara da alamar gargaɗi, don su jami'an hanya ke tambaya. A ɗauki bidiyon jikin motar da allurar mai. A duba ruwan lagireto tun injin yana sanyi, a kunna AC minti goma a tsaye. In allurar zafi ta fara hawa, wataƙila fanka ce ba ta aiki, kuma a cunkoson Kwangila a Zariya za ta tona asiri.

Tafiyar kusan kilomita 80 ce ta Rigachikun da Jaji. Da zagaye, ku lissafa 220 zuwa 250. Lita 30 ta wadaci Corolla. Amma mutum huɗu da direba, Sienna ta fi sakewa, sai a ƙara mai.

Hajiya Mai Tarihi:
Ƙanena, birni za ku fara, tun da hantsi. Lungunan cikin ganuwa ba na babbar mota ba ne, ku ajiye ta a Ƙofar Fada ku taka. Ku ga zanen bangon fadar Sarkin Zazzau, sannan Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, a ƙarni na 19. Daga waje sabon gini za ku gani, tsohon ginin ƙasa yana ciki, da bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin. Baƙi da yawa suna wucewa ba su san da shi ba. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, mata su yi lulluɓi. Ranar Juma'a kuwa, daga sha biyu ba wurin ajiye mota.

Daga nan ku fita ta Ƙofar Doka, Tudun Wada, ku bi ta Kongo inda harabar ABU ta shari'a da mulki take, sai Kwangila, Palladan, ku wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama zuwa Samaru. ABU a 1962 aka buɗe ta. A ƙofa ana ba da katin shiga na mota, kada direba ya yar, da shi ake fita. Laburaren Kashim Ibrahim da sassaƙe-sassaƙen sashen zane sun isa awa ɗaya.

Injiniya U/Rimi:
Ranka ya daɗe, ka cire Turunku. Tana Ƙaramar Hukumar Igabi, ba a bakin Zariya ba, ranarta daban. Wusasa da Dutsen Kufena suna kan hanyar dawowa, a haɗa su bayan azahar. Akwai cocin St Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, a Wusasa, garin da Janar Gowon ya tashi. Hanyar gindin dutsen ta ƙasa ce. Da damina ƙaramar mota tana kafewa a laka, in an yi ta taka totur sai tayar ta ƙara nutsewa. A tsaya inda ƙasa ke da tauri, a nemi ɗan gari ya yi jagora.

Kada a wuce Shika a nufi Giwa don yawon ido ba tare da an tambayi halin tsaro a ranar ba. Ƙarfe huɗu ku kama hanya, ku yi magariba a Kaduna.