Yadda za ka gane jiragen yaƙin Jamus a tsofaffin hotuna

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi kan jiragen saman Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Kowa ya yarda a fara da harafin sunan jirgi. G na nufin babban mai jefa bom, irin Gotha G.IV da ya kai wa Landan hari da rana tsaka ranar 13 ga Yuni 1917, mutum 162 suka mutu. R kuwa ƙato ne, kamar Zeppelin-Staaken R.VI mai inji huɗu, fukafukinsa sun haura mita 42.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce duba gicciyen da ke jikin jirgin. In bakinsa ya buɗe kamar ƙaho, galibi hoton ya girmi watan Maris na 1918. Daga nan aka koma miƙaƙƙen gicciye.

Jirage masu sauka kan ruwa sun jawo gardama. Wani ya ce a dubi wutsiya: ta Hansa-Brandenburg W.12 ƙasa ta nufa, don mai bindiga na baya ya samu sararin harbi. In fukafukan hawa ɗaya ne, ba biyu irin na W.12 ba, to galibi W.29 ce, ƙirar injiniya Ernst Heinkel ta 1918. Rubutun bayan hoto dai, an ce kar a yi saurin gaskata shi.