Tiraka a mota: tana dawo da wadda aka sace, ko kuɗi kawai ake ci?

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mota, don ni sabon shiga ne.

Watan jiya Allah ya hore min na sayi Corolla 2010 'yar Kwatano. Shekara 4 ina tari, sai da na haɗa da kwasar adashi da kuɗin wani ɗan fili da na sayar kafin suka kai kusan miliyan 9. Koyarwa nake yi a nan Kano, kun san albashin. In wannan ta tafi, ban san ranar da zan sake riƙe sitiyari ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, Juma'ar da ta wuce maƙwabcina ya ajiye Camry ɗinsa a bakin titi ya shiga masallaci. Ana sallamewa ya fito da makulli a hannu, ya tarar har wani mai adaidaita ya faka a gurbinta. Mai turaren da ke gefe ya ce ya ga wani da farar shadda da hula ya buɗe ta ya shiga kamar tasa, ko sauri bai yi ba. Yau kwana 6 ke nan, shiru kake ji.

Na je wajen mai wayarin ɗina, ya ce zai sa min tiraka, wato na'urar bin sawun mota, a kan dubu 40, har da kashe mota daga waya, kuma babu biyan shekara. Wani kamfani kuma sun ce dubu 95, sannan duk shekara in sabunta. Uwargida ta ce duk ɓarnar kuɗi ce, in sayi ƙarfen kulle sitiyari in riƙe addu'a.

Tsakani da Allah, akwai wanda tiraka ta taɓa dawo masa da mota a cikinku? Ba labarin "an ce" nake so ba.

Tsohon Rewaya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare. Shekarata 20 da ɗoriya ina wayarin mota a Kaduna, kuma na sa waɗannan na'urori ba adadi, to bari in faɗa maka abin da masu sayarwa ba sa faɗa.

Ita tiraka abu biyu ne a cikin ɗan akwatin da bai fi na ashana girma sosai ba. Akwai ɓangaren GPS da ke sauraron tauraron ɗan'adam ya gane inda yake, akwai kuma sim irin na wayarka da ke aiko maka da labarin. Na farkon kyauta yake aiki. Na biyun shi ne ke buƙatar sabis da data da layi mai rai. Saboda haka duk wanda ya ce maka "babu biyan komai har abada", tambaye shi wa zai riƙa ciyar da layin.

Sai wajen ɓoyewa, wanda nan ne aikin yake. Yawancin yaranmu saboda ganda, ƙarƙashin sitiyari suke cusa ta, kusa da akwatin fis, don nan wuta ta fi kusa. Minti 20 sun gama sun karɓi kuɗi. To ɓarawon mota shi ma ya san wajen, wataƙila ma a gareji ya yi ƙuruciyarsa. Yana tsayawa ya zura hannu, ya ji sabon salatif a cikin tsofaffin wayoyi, ya fizge. Ni in zan yi aikin kirki yini nake ɗauka, in kwance abin da zan kwance, in naɗe wayar da irin naɗin da mota ta zo da shi, har ƙura nake shafa mata. Kuma ba na yi a bakin titi mutane na kallo.

Kashe mota daga waya gaskiya ne. Ana sa rile, wato ɗan makunnin da ke katse wuta, a kan wayar famfon mai, kana tura saƙo mai ya daina zuwa. Amma don Allah kada ka kashe ta tana gudu a babban titi. Injin Corolla in ya mutu burki yana yin tauri bayan taku ɗaya ko biyu, kana iya jawo a kashe bayin Allah da ba ruwansu. In kuma ƙwace aka yi da bindiga aka tafi da direba ko iyali a ciki, kashe motar nan hatsari ne babba. A bari su sauke mutum tukuna.

Ƙwararrun ɓarayi suna da wata 'yar na'ura da suke soka wa a ramin kunna sigari, ta toshe sigina gaba ɗaya. Muddin tana kunne, tirakarka kurma ce kuma bebiya. Sai dai ba kowane ɓarawo ke da ita ba, kuma ba za ta zauna a kunne har abada ba. Shi ya sa da yawansu ke kai mota wani lungu ko kango su bar ta kwana ɗaya ko biyu, su koma gefe su ga ko wani zai biyo sawu. Wannan ɗan tsakanin shi ne rabonka.

Abu na ƙarshe, da yawan masu arahar nan da lambar sirri 123456 suke zuwa daga Sin, kuma ba mai canzawa. Ka canza da hannunka bayan ka bar garejin. Ko ni na sa maka, kada ka bar ni da ita. Wanda ke da lambar nan ya san inda motarka ke kwana.

Maman Sadik:

Baban Amira, ni ce wadda ba ta dawo wa ba, kuma ba laifin ɓarawo kaɗai ba ne.

Maigidana ya sa min a Sienna ɗina tun 2022. Watannin farko kullum sai na buɗa manhajar in ga 'yar motar nan tana tafiya a kan taswira, har yara na rububin kallo. Daga baya ɗoki ya wuce, na manta da ita, zuciyata dai a kwance cewa akwai tiraka.

Ranar da aka ɗauke ta a wajen wani biki, ƙarshen 2024, hannuna na rawa na buɗe wayar. Sai ga mota an nuna min ita zaune lafiya lau a wajen wankin mota na unguwarmu. Na ce alhamdulillah, har ƙanena ya hau babur ya tafi. Sai da ɗiyata ta ce "Mama duba kwanan watan". Watan Maris ne. Wata 8 ke nan rabon na'urar da ta yi magana.

Da muka bi diddigi, ashe yaron da ya sa ta da wani tsohon layi ya haɗa, wanda ba sunan kowa a gidanmu. Lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba a shekarar, ya tafi da shi. Ba wanda ya kira mu, don ba wanda ke da alhakin kira. Shi yaron ma ya bar garin.

Ban ce kada ka saya ba. Amma ka je da kanka ka yi rajistar layi da sunanka da NIN ɗinka ka miƙa musu. Ka ajiye lambar a wayarka, kana sa mata kati. Ni yanzu a 'yar Vibe ɗin da na samu, duk Juma'a bayan na dawo daga aiki sai na duba ko ta nuna ƙofar gidana da kwanan watan ranar.

Mai Sharon Uku:

Malam ni ta dawo min da tawa, ba labari ba. Ina da motocin haya 3 da ke Kano zuwa Katsina, kowacce da tiraka, asali ma don direbobi na sa, saboda masu cewa "yau ba kasuwa" alhali sun yi sawu biyu.

Wata rana wajen ƙarfe 3 na dare wayata ta yi ƙara, saƙo ne cewa an kunna mota. Na san direban nan ba ya fita kafin asuba. Na kira shi, ya leƙa waje ya fasa salati. Ina kallonta a waya ta bar unguwa ta kama hanyar bayan gari. Da na ga ta rage gudu ta shiga hanyar burji, na tura saƙon kashewa. Ta tsaya cak.

To daga nan ne wahalar ta fara, wadda ba a rubuta ta a jikin kwali ba. Na san inda take, amma wa zai je? Ni da direba da gora? Muka tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa, aka ce wajen da motar take ba yankinsu ba ne. Muka tafi na biyun, aka ce motarsu ba mai. Na zuba mai. Kafin a rubuta bayani a samu waɗanda za su bi mu, rana ta fito. Mun same ta a bayan wani kango, an cire lamba, an farke ƙarƙashin sitiyari ana neman abin da ya kashe ta, an tafi da batir da rediyo da safaya. Sannan ta yi kwana 9 a ofishinsu kafin a sake min ita, sai da na kawo takardun kwastan da komai aka gwada lambar shasi. Duk da haka na gode Allah, asarar ba ta kai dubu 200 ba a kan motar miliyoyi.

Abin da ya cece ni saƙon nan ne na kunna mota, da kuma cewa wayata ba a kashe take ba. Da sai da safe na farga, wani zancen ake yi. Ka lissafa da kanka, daga Kano zuwa Maigatari ko Kongolam bai kai tafiyar awa 3 ba. Tana tsallakawa Nijar, in layinka ba ya aiki a ƙetare, shi ke nan ta yi shiru. Ko a cikin gida ma akwai dazukan da ba sabis. Ka tuna watan Satumba na 2021 da aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna? Duk mai tiraka a lokacin, in motarsa ta shiga can, ƙarfe kawai yake ɗauke da shi.

Kuma kada uwargida ta ji an raina shawararta. Ƙarfen sitiyarin nan mai launin rawaya da ake hangowa daga waje yana aiki. Mai farar shaddar nan minti biyu yake da shi a ƙofar masallaci, in ya ga ƙarfe zai wuce ta gaba.

Abu Hanan:

Ƙarin bayani kaɗan daga ɓangaren inshora, tunda nan nake aiki.

Mutane na ganin bidiyon Amurka inda 'yan sanda ke kama motar sata cikin awa ɗaya, su ɗauka abu ɗaya ne. Tsarin da ya yi suna a can, LoJack, a asalinsa ba da sim yake aiki ba. Siginar rediyo yake fitarwa, kuma na'urar kama siginar tana cikin motocin 'yan sanda, kana kai rahoto a kunna. Wato an ɗaura shi da hukuma tun daga tushe. Namu na nan kai ne ɗakin sa ido, kai ne mai kiran waya, kai ne mai zuba mai. To ka tambayi kamfanin dubu 95 ɗin nan: in na kira ƙarfe 3 na dare wa zai ɗauka? Kuna da mutanen da ke fita da jami'an tsaro a Kano, ko daga Legas za ku riƙa karanto min sunan titi? In na'urar ta yi shiru kwana 3, za ku neme ni? In amsoshin sun yi kyau kuma sun yarda su rubuta, kuɗin shekarar bai ɓaci ba. In kame-kame suka yi, kayan dubu 40 suke sayar maka da tsada.

Sannan takardar inshora ta dubu 15 da ake yanka tun Janairun 2023, wadda ake nuna wa jami'an hanya, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa miliyan 3. Ba ruwanta da sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, kuma a ƙa'idar NAICOM, hukumar da ke kula da inshora, kuɗinta ba ya ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota. A taka, wajen dubu 450 ke nan duk shekara. Na san da nauyi ga malamin makaranta. In shakkar halacci ce, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Sadik, Allah ya mayar da mafi alheri, labarinki ya fi komai shiga jikina, don ni ma irin masu mantuwar nan ne.

Dubu 450 dai ba ni da ita, Abu Hanan, sai dai in yara su bar makaranta. Na kira kamfanin na yi musu tambayoyinka, yarinyar da ta ɗauka ta ce za ta tambayi oga ta kira ni. Tun shekaranjiya ke nan.

Jiya na sayi ƙarfen sitiyari dubu 18, uwargida sai murmushi take yi. Layi kuma na yi rajistarsa yau da sunana. Saura wanda zai sa.

Baba Tsohon Rewaya, shi mai wayarin nawa a layin gidanmu yake, ya san gidana, ya san lokacin fitata, yaransa ma ɗalibaina ne biyu daga ciki. Mutumin kirki ne a sanina, amma tun da ka yi maganar lambar sirri zuciyata ke raya min abubuwa. In na shigo Kaduna ranar Asabar da sassafe, za ka iya gamawa in juyo kafin la'asar? Ba na son dare ya yi min a hanya.