Wasiƙun sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu: daga gida ko daga fagen daga?

Mai Tambaya: Salamu alaikum, 'yan uwa. Idan aka samu wasiƙun da sojan Amurka ya aiko wa iyalinsa, ta yaya za a gane ko yana barikin cikin ƙasa ne? Kuma yaya ake adana su?

Ma'ajin Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, fara da ambulan. Na cikin ƙasa yana ɗauke da sunan bariki da jiha, kamar Fort Benning, Jojiya. Lambar APO (gidan wayar soja) yawanci alamar ƙetare ce. A lokacin yaƙin, daga 1942, soja kan rubuta "Free" (kyauta) a gurbin kan sarki, don haka rashin kan sarki ba komai ba ne. Kada a raba wasiƙa da ambulanta, hatimin gidan waya ne ke ba da kwanan wata.

Malamar Laburare: Ƙari kaɗan: ƙaramar wasiƙar da ake kira V-mail, wadda aka ɗauka a fim aka sake bugawa, ta ƙetare ce.

Wajen adana, a cire ƙusar sitefula da roba, tsatsa na cin takarda. A warware ninki, don a wurin ninkin takarda ke fara yagewa. Kada a manna salatif, ko a yi laminatin, don ba ya ɓaruwa. A sa a fayil marar asid, nesa da rana da danshi.

Mai Sikana: A yi sikanin gaba da baya, 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), har da ambulan.