Taƙaitawa kan haƙƙin mallaka da mujallun ilimi da ake karantawa kyauta

1. A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, baki ya zo ɗaya cewa kada marubuci ya sa hannu a yarjejeniyar mujalla sai ya karanta ta, domin mujallu da yawa kan karɓe haƙƙin mallaka ɗungurungum, har mutum ya kasa ɗora maƙalarsa a ma'ajiyar intanet ta jami'arsa sai wa'adin da suka gindaya ya cika.

2. Lasisin CC BY, ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons da ke fayyace yadda jama'a za su yi amfani da aiki, yana bar wa marubuci haƙƙinsa, amma kowa na iya kwafar aikin, ya fassara shi, har ya sayar, muddin ya ambaci mai shi. A nan ra'ayi ya rabu: wasu sun ce haka ilimi ke yaɗuwa, wasu kuwa sun fifita CC BY-NC, wanda ya hana kasuwanci da aikin ba da izini ba.

3. Kuɗin bugawa da wasu mujallu ke karɓa daga marubuci, wanda kan kai dubban daloli, shi ya fi damun malamanmu, kuma a ganina kukan nasu yana kan hanya. An ba da shawarar neman rangwame tun kafin aika maƙala.

4. A duba ko mujallar tana cikin jerin DOAJ, wato kundin intanet na mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, don guje wa mujallun bogi.